Mene ne Piyeta a zanen addini?

Piyeta suna ne da masana zane ke kiran duk wani hoto ko sassaƙa da ke nuna Maryamu rungume da gawar ɗanta Yesu bayan an sauko da shi daga gicciye, kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Kalmar ta Italiyanci ce mai ɗauke da tausayi da ibada a lokaci guda. Linjila ba ta kawo wannan zama na uwa da gawa ba. Masu sassaƙa a Jamus ne suka fara siffanta shi wajejen shekarar 1300, don mai ibada ya taya Maryamu makoki. Wadda ta fi suna ita ce ta marmara da Mikelanjelo, mai sassaƙa ɗan Italiya, ya kammala a 1499.

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Tishiyan, tsohon mai zanen birnin Benis da ke Italiya. Don kabarin kansa ya zana ta. Maryamu na zaune shiru, baƙin ciki ya ci ta har ya hana ta motsi, ita kuwa Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin mabiyan Yesu, ta ɗaga hannu tana kururuwa. Kowa da yadda rashi ke kama shi, kuma mai zanen bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Ga wani dattijo a durƙushe yana riƙe da hannun gawar, wanda masana da dama ke ganin fuskar Tishiyan ce. Can ƙasa a gefen dama akwai ɗan allo da ke nuna shi da ɗansa Orasiyo suna addu'a, a daidai lokacin da annoba ke ɗibar mutanen birnin.

To ina alamar sabuwar rayuwa a cikin wannan makoki? Sai an ɗaga kai. A saman kubbar da ke bayansu akwai tsuntsuwa kwasakwasa, wadda mutanen zamanin baya suka ɗauka tana ciyar da 'ya'yanta da jinin ƙirjinta, alamar rai da ke fitowa daga sadaukarwa. Tishiyan bai cika zanen da alamun tashi daga matattu ba, kuma a ganina gaskiyarsa ke nan, domin mai makoki daga nesa yake hango fata.

Tishiyan ya rasu a watan Agustan 1576 ana tsakiyar annobar, Orasiyo ma ya bi shi ba da jimawa ba. Wani mai zane, Palma Ƙarami, shi ne ya ƙarasa aikin, wanda yanzu ke rataye a gidan adana zane na Akademiya a Benis.