Wane Ne Baƙo a Gombe? Tambayoyi da Amsoshi kan Shige da Fice da Zama Ɗan Ƙasa

Duk mai zama a majalisun Gombe, daga teburin mai shayi na Tashar Dukku zuwa rumfunan Tudun Hatsi, ya san yadda wannan hira take kunno kai. Ana cikin kukan tsadar masara ko kuɗin haya, sai wani ya ce ai garin ne ya cika da baƙi, gwamnati ta bar iyaka a wangale. Kafin shayi ya huce an kai ga cewa zama ɗan Najeriya ma ya daina zama abin tinƙaho. Ga tambayoyin da na fi ji a irin wannan zama, da amsoshinsu gwargwadon abin da doka da tarihi suka nuna.

Da gaske ne iyakokinmu a buɗe suke, kowa ya ga dama ya shigo?

A takarda dai akwai ƙa'ida. A 1979 ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar Afirka ta Yamma, suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Sharaɗin shi ne ya riƙe takardar tafiya mai inganci, ya kuma bi ta ƙofar da jami'an shige da fice suke. Idan zai zarce kwanakin, sai ya nemi izinin zama. Saboda haka ɗan Benin ko ɗan Ghana da ka gani a kasuwa, ganinsa kaɗai bai mai da shi baƙon haure ba.

Abin da ke faruwa a daji kuma daban. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, galibinta fili ne fetal, gona na haɗe da gona. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka raba mutanen da harshensu ɗaya, kakanninsu ɗaya. Ƙofofin hukuma irin su Illela da Jibiya da Maigatari 'yan ƙalilan ne, hanyoyin babur da na jaki kuwa ba su ƙirguwa. Mai cewa iyaka a buɗe take bai yi ƙarya ba. Inda ya kuskure shi ne zaton da can a rufe take.

To mutanen da suka cika garin nan daga ina suke?

Jihar Gombe ba ta da iyaka da kowace ƙasa. Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi ne suka kewaye ta. Mafi yawan sababbin fuskokin da suka sa unguwanni suka faɗaɗa, haya ta yi tsada, 'yan Najeriya ne da rikicin Boko Haram ya taso, musamman a 2014, shekarar da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun mayaƙa. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba su 'yancin zama a duk inda suka so a ƙasar nan, ba alfarma muka yi musu ba, ko da yake Gombawa sun yi karamci, Allah Ya saka.

'Yan ƙasashen waje akwai su, ba wanda zai musa: Buzaye masu gadi, 'yan ci-rani daga Damagaram da ke tura kurar ruwa, masu shayi, magina daga Togo da Benin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta baƙi mazauna Najeriya da kimanin miliyan 1.3 a 2020, wato ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Ƙiyasi ne, kuma ɗan ci-ranin da ke zuwa bayan kaka ya koma da faɗuwar damina da wuya ya shiga ciki. Amma ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda ba ta san adadin 'ya'yanta ba, ina za ta san na baƙi?

Makaman da ke shigowa fa, da makiyayan da ba a san daga inda suka fito ba?

Nan kam kukan jama'a na kan hanya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai sun bazu a yankin Sahel, wasu kuma sun gangaro mana. Akwai kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan makiyaya masu ƙetare iyaka, wadda ta ce kowane garke ya zo da takardar shaida mai nuna yawan dabbobi da rigakafinsu da hanyar da za su bi. Manomin Dukku ko Nafada da aka cinye wa gona cikin dare bai taɓa ganin wanda ya tambayi wannan takarda ba. Dokar tana nan, aiki da ita ne babu.

Nijar ta fita daga ECOWAS. Me ya sa ba a ce 'yan Nijar su koma gida ba?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga kamar da, har sai an sake shawara. Dalilin a fili yake: muna da dubban 'yan kasuwa da ɗalibai da dangi a Maraɗi da Yamai da Agadas. Idan muka kora, za a koro mana.

Mun kuma ɗanɗana rufe iyaka sau biyu a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Buhari ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, gwamnatin Tinubu ta rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 saboda juyin mulki. A duka biyun, ɗan kasuwa mai takarda ne motarsa ta kwana a bakin boda kayansa na lalacewa, mai bin ta daji kuwa kuɗin hanya kawai ya ƙaru masa.

Amma ai an taɓa korar baƙi a ƙasar nan. Me zai hana a maimaita?

An taɓa, kuma Gombe na da abin faɗa a kai. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. An ƙiyasta waɗanda suka fita da kusan miliyan 2, kimanin rabinsu 'yan Ghana. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kayan tafiya, wadda har gobe ake kira ganamasgo, daga nan ta samo suna. Kafin nan, a 1969, Ghana ce ta kori namu a zamanin Firaminista Busia, don haka wasu sun ɗauki abin a matsayin ramuwar gayya.

Dalilai biyu aka fi kafawa da su. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi ƙaranci, aka ce baƙi ne suka cinye. Na biyu tsaro: Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda tarzomarsa ta Kano a Disamban 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000, asalinsa ɗan Kamaru ne. Sai aka yi tunanin idan baƙi suka tafi, fitina ta tafi.

Me ya biyo baya? Tattalin arziki bai farfaɗo ba, kafin shekarar ta ƙare ma sojoji suka hamɓarar da gwamnatin. Almajiran Maitatsine kuma suka sake tayar da ƙura a Jimeta a 1984, sannan a nan Pantami a Afrilun 1985, lokacin Gombe tana cikin tsohuwar Jihar Bauchi. Dattawan unguwar da suka ga abin da idonsu suna nan da ransu. Shekara biyu ke nan bayan an kori baƙin, domin mafi yawan mabiyan mutumin yaranmu ne na gida, waɗanda talauci da rashin kulawa suka miƙa masa.

A doka, wane ne ɗan Najeriya? Ba mai lambar NIN ba ne?

A'a. Lambar NIN ana ba ɗan ƙasa, ana kuma ba baƙon da ke zaune bisa izini. Shaidar ko kai wane ne ce, ba shaidar asali ba.

Sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya rataya zama ɗan ƙasa ne a kan jini. Wanda aka haifa a nan bayan 1 ga Oktoban 1960 ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Haihuwa a asibitin Gombe kaɗai ba ta isa ba, saɓanin yadda Amurka ta daɗe tana yi. Matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista a ƙarƙashin sashe na 26, amma mijin 'yar Najeriya ba shi da wannan gata. Shi sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15.

Matsalar ita ce tabbatarwa. Kakan wa ke da takardar haihuwa? Shi ya sa zargin "ba ɗan ƙasa ba ne" ya zama makami mai arha. A Janairun 1980 aka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Jihar Borno a jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ya dawo gida. Idan an yi wa ɗan majalisa haka, sai ka auna abin da zai sami Bafulatani ko Babarbare talaka da aka tare a shingen hanya, aka ce kamanninsa ba na nan ba ne.

Ni a Jekadafari aka haife ni, nan na yi karatu, nan nake biyan haraji. Me ya sa ake ce mini ba ɗan jiha ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. Tsarin mulkinmu da hannu ɗaya ya hana nuna bambanci saboda asali a sashe na 42, da ɗaya hannun kuma ya kafa tsarin raba daidai tsakanin jihohi, har ya ce a naɗa minista daga cikin 'yan asalin kowace jiha. Daga nan takardar indijin ta zama sarauniyar takardu. Shiga soja, gurbin jami'a, tallafin karatu, aikin gwamnati, duk sai da ita. Ƙaramar hukuma ke bayarwa, bayan mai unguwa ko hakimi ya shaida garin ubanka.

Akwai yaron maƙwabcinmu da kakansa ya zo Gombe aikin jirgin ƙasa. Da ya tashi neman aikin ɗamara, aka ce ya tafi garin kakansa ya karɓo takarda. Ya je, can kuma aka ce ba wanda ya san shi, ko harshensu ba ya ji. Ya dawo hannu rabbana. Yaron nan ba ɗan Nijar ne ya hana shi aiki ba.

Abin dariyar ma, ita kanta Gombe garin zuwa ce. Buba Yero a Gombe Abba ya kafa masarauta. Turawa suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan nan Gombe Doma a 1919. Cinikin auduga da gyaɗa, daga baya jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, su suka jawo Hausawa da Barebari da Yarabawa da Ibo suka haɗu da Fulani da Bolawa da Terawa da Tangale. Kaɗan ne a cikin birnin nan za su ƙirga kakanni huɗu ba su fita gari ba.

Ke nan kishin ƙasa ya mutu?

Ya yi sanyi dai. Gwamnatoci sun yi ta neman maganinsa a alamomi. Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973 don matasa su san juna bayan yaƙin basasa, amma yau iyaye fafutukar dawo da ɗansu kusa da gida suke yi saboda tsoron hanya, kuma ba za ka ga laifinsu ba. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu shekaru da dama kafin a dawo da shi. A Mayun 2024 aka komo da tsohon taken ƙasa na 1960, a daidai lokacin da mutane ke lissafin kuɗin mudun gero. Kabarin Tafawa Ɓalewa na nan a Bauchi, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, sai ka tambayi ɗaliban sakandare nawa aka taɓa kaiwa.

A ganina, mutumin da ya haƙa rijiyarsa, ya sayi sola, ya biya 'yan banga, ya kai ɗansa makarantar kuɗi, sannan aka ce masa shi baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa, ba sauya take ne zai sa ya ji ƙasar tasa ce ba. Da yake ba ya iya kama gwamnati, sai ya huce a kan mai tura kurar ruwa.

Turawa ma ai suna korar baƙi. Mu ne za mu zauna?

Suna yi. Batun baƙi na cikin manyan abubuwan da suka sa Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, kuma daga Janairun 2024 ta hana yawancin ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu, matakin da ya taɓa 'yan Najeriya sosai. Kalaman da ake yi a can, wai sun cinye aiki, sun ɓata al'ada, su ne na teburin mai shayinmu, sai dai a can mu ake nufi. A 2019 sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga Afirka ta Kudu a jirgi bayan an far wa shagunan baƙi.

Akwai misalin da ya fi kusa. A Yulin 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, a ƙasar Funakaye ta jihar nan. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa gari mai sunansa a gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Hausawa da Fulani, na hijira da na hanyar aikin Hajji, sun fi shekara ɗari a wannan yanki, sun yi noma, sun hayayyafa. A Yulin 2022 Hausawan Jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce ƙasar ba ta baƙi ba ce. Kafin shekarar ta ƙare, rikicin ya ci ɗaruruwan rayuka, dubbai kuma suka bar gidajensu.