Gajerun Finafinan Barkwanci Na Yara Da Karnukansu A Zamanin Fim Marar Magana

Waɗannan wasu ƴan gajerun finafinan ban dariya ne da aka riƙa yi, yawanci a Amurka, tun daga farkon shekarun 1900 har zuwa wajen 1929 lokacin da sauti ya shigo silima, kuma taurarin cikinsu ƙananan yara ne tare da karensu. Tsawonsu ba ya wuce naɗin fim ɗaya ko biyu, kowane naɗi ƙafa 1,000 ne, wato fim mai naɗi biyu zai ci kamar minti 20 zuwa 25. Ba su ne ainihin abin da ake zuwa kallo ba, ana saka su ne kafin babban fim a ɗan ɗumama ƴan kallo. Babu magana a ciki, sai dai wani allon rubutu da ke fitowa jefi-jefi ya faɗi abin da aka ce, sannan ga mai kiɗa fiyano a gaban majigi yana bin abin da ke faruwa da kiɗa.

A wajenmu dai kare na gadi ne ko na farauta, to amma a can ɗan gida ne, har gado ake kwana da shi, shi ya sa labarin yaro da karensa yake saurin taɓa zuciyarsu.

Asali

Tun 1902 wani mai zanen barkwanci a jarida, Richard F. Outcault, ya ƙirƙiro wani yaro ɗan masu kuɗi mai shegen rashin ji, Buster Brown, da karensa Tige, a jaridar New York Herald. Zanen ya karɓu sosai har kamfanin takalma na Brown Shoe ya sayi izinin amfani da sunan a 1904, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Edison ya yi wasu ƴan guntayen finafinai a kansu. A ɗaya daga ciki mai girki ta ɗora kwandon kayan toye-toye can saman kanta don kada Buster ya kai, sai Tige ya hau tsani ya sauko masa da shi suka zauna suka ci abinsu. Labarin ke nan gaba ɗaya, kuma kusan duk abin da ya biyo baya a kan wannan turbar yake, yaro ya so abu, manya su hana, kare ya san yadda za a yi.

A Ingila kuma a 1905 Cecil Hepworth ya yi Rescued by Rover, wanda ba barkwanci ba ne, kare ne ya bi sawu ya gano jaririyar da aka sace. Karen gidansu ne, Blair, jaririyar ma ƴarsa ce. Aka yi ta sayen kwafi har asalin fim ɗin ya lalace, sai da ya sake ɗaukarsa sau biyu. Daga nan masu harkar suka gane kare yana kawo kuɗi.

Me ya sa abin ya yi daidai da fim marar magana

Yaro ɗan shekara uku da kare duk ba sa iya haddace magana, kuma a wannan zamanin babu mai buƙatar su haddace. Fuska da motsi ne kawai. Tunda kyamara ba ta ɗaukar sauti, mai horar da kare zai tsaya gefe yana ta ƙwala masa umarni, zauna, kwanta, ɗauko, rufe ido, darakta shi ma yana can da abin ƙara murya yana gaya wa yaran su juyo ko su ruga, duk a lokaci guda ana ɗauka, wurin kamar kasuwa amma a majigi shiru kake ji. Robert F. McGowan, wanda ya ba da umarnin yawancin finafinan farko na Our Gang, wani jerin barkwanci na gungun yara, haka yake aiki. Yaran da dama ba su ma iya karatu ba balle a ba su takardar labari, sai ya bayyana musu abin da zai faru ya bar su su yi yadda ya zo musu. Maganganun da ke fitowa a allo kuma daga baya H. M. Walker ke zama ya rubuta.

Baby Peggy da Brownie

Kamfanin Century ya haɗa wata yarinya, Peggy-Jean Montgomery, wadda aka haifa a 1918, da karen da ake kira Brownie, suka fito tare a Playmates a 1921. Lokacin Brownie ne tauraro, ita an kawo ta ne ta taya shi, amma kafin a ce me ta sha gabansa, ta yi gajerun finafinai sama da 100 tun ba ta shiga makaranta ba. Mafi yawansu sun salwanta, gobarar da ta cinye sitidiyon Century a 1926 ta tafi da da yawa. Kuɗin da ta tara ma dangi suka watsar. Ta girma ta zama marubuciya da sunan Diana Serra Cary, ta yi rubutu a kan wahalar da yara ƴan fim suka sha, ta rasu a 2020 tana da shekara 101. Dokar da ta tilasta a ajiye wa yaro wani kaso na kuɗinsa a Kalifoniya sai 1939 aka yi ta, bayan rigimar kuɗi tsakanin Jackie Coogan, wanda ya yi tashe a fim yana yaro, da mahaifiyarsa da mijinta.

Our Gang da kare mai zobe a ido

Nan ne abin ya kai ƙololuwa. Hal Roach, mai sitidiyo a Culver City, ya ce wata rana ya gaji da wata yarinya da aka kawo masa gwaji an cika ta da kwalliya an koya mata komai, sai ya leƙa taga ya hango wasu yara suna faɗa a kan guntayen katako, ya tsaya yana kallonsu har kusan kwata, sai ya ce ai wannan ma fim ne. A 1922 aka fara Our Gang, kamfanin Pathé ke rarrabawa har 1927 sannan kamfanin MGM ya karɓa. Jimillar finafinan 220 ne zuwa 1944, 88 daga ciki marasa magana.

Yaran talakawa ne a labarin, tufafi duk faci, suna ƙera motar kashe gobara da tarkacen bola su ɗaura wa kare ko akuya ya ja. Akwai Mickey Daniels, Mary Kornman, Jackie Condon, Joe Cobb ɗan lukuti, ga kuma baƙar fata Ernie Morrison da Allen Hoskins wanda aka fi sani da Farina. Ganin yara baƙaƙe da farare suna wasa tare a lokacin da dokokin wariya ke aiki a kudancin Amurka ba ƙaramin abu ba ne, sai dai a faɗi gaskiya, yadda ake rubuta maganar Farina a allo da irin tsoron da ake sa shi yana zare ido, akwai raini a ciki wanda yau ba ya kalluwa da daɗi.

Karnuka sun sha fitowa tun farko, amma wanda ya zauna a ran mutane shi ne Pete. Sunansa na gaskiya Pal, jinsin pit bull, mai horar da shi Harry Lucenay. Ya leƙa a fim ɗin The Freshman na ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd a 1925, sannan ya zama Tige a sabon jerin Buster Brown da kamfanin Universal ya rarraba daga 1925, inda Arthur Trimble ke fitowa a Buster. Yana da wani baƙin zane da ya kusa zagaye idonsa tun haihuwa, aka ƙarasa shi da rini ya zama cikakken zobe, wai Max Factor, mai yi wa ƴan fim kwalliya, ne ya yi aikin. Da Roach ya ɗauke shi a 1927 aka bar zoben yadda yake. Albashinsa na farko dala 125 a mako, cikin dukan ƴan wasan Farina kaɗai ya fi shi.

Abokin gabar da ba ya canzawa shi ne mai kamen karnuka, da motarsa mai keji da ragarsa. A Love My Dog na 1927 an kama karen Farina, dala 5 ake nema ko a kashe shi da iskar gas, yaron na kuka yana fafutukar haɗa kuɗin, kuka kuwa na gaske mai sa ka manta barkwanci ka zo kallo. Karen dai ya tsira. An sake yin labarin da sauti a 1932.

Dog Heaven, shi ma na 1927, ya fi wannan ban mamaki. Fim ya buɗe Pete na shirin rataye kansa, wani kare ya zo ya tare shi, sai ya zauna yana ba shi labari, allon rubutu na fassara haushinsu: ubangidansa Joe ya samu budurwa ya manta da shi, baƙin ciki har ya kai shi ga shan giya, sannan da yarinyar ta faɗa ruwa shi ya ciro ta amma aka ɗora masa laifin tura ta. Daga ƙarshe Joe ya gane gaskiya ya rugo. Fim ɗin yara ke nan a 1927! Kuma in ka lura duk nauyin wasan a kan karen yake, kai a sunkuye, ido a lumshe, babu inda ya kuskure.

Shigowar sauti

Small Talk na 1929 shi ne Our Gang na farko mai magana. Daga nan makirufo ya hana ihu, dole mai horarwa ya koma ishara da hannu yana ɓoye bayan kyamara, yara kuma aka fara neman masu iya riƙe magana. Jerin Buster Brown ya tsaya a wannan shekarar. Pal ya mutu a 1930, an ce guba aka ba shi, ɗansa ya gaje shi, kuma masu lura suna bambanta su ne da zoben, don na ɗan ya koma ɗaya idon.

Fim ɗin wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, yana ruɓewa kuma yana kama wuta da kansa. Wani bincike na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Our Gang ya yi sa'a, yawancin nasa sun tsira, sai ƴan kaɗan na lokacin MGM da har yau ba a gano ba. A 1955 aka fara nuna masu sautin a talabijin da sunan The Little Rascals, marasa maganar kuma aka yanyanka wasu aka sa musu kiɗa da mai ba da labari aka sayar wa tashoshi da wasu sunaye daban.