Nauyin Mai Zanen Gini a Kwantiragi

Mai zanen gini, wanda 'yan aiki ke ce wa akitek, shi ne ke mayar da abin da mai gini yake so zuwa fulan da za a iya ginawa. In ya sa hannu a kwantiragi takardu iri biyu ake jira a wajensa. Akwai zane, mai nuna tsawo da faɗi da inda kowace fila da ƙofa za ta zauna, sai kuma takardar ƙayyade aiki wadda ke faɗin irin siminti, kaurin rodi, ƙarfin kankare da yadda za a yi aikin. Da su ɗan kwangila ke yin lissafin kuɗinsa, kuma su ake buɗewa ranar da rigima ta tashi.

Tarihi

Maganar ta daɗe. A dokokin Hammurabi sarkin Babila, wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (shekarar dai ƙiyasi ce), doka ta 229 ta ce in gida ya rufta ya kashe mai shi to kashe maginin za a yi, ta 230 ta ce in ɗan mai gidan ne ya mutu sai a kashe ɗan magini, in kuma bango ne kawai ya karkace ya gyara da kuɗinsa. Lokacin mai zane da magini mutum ɗaya ne.

Vitruvius, wani akitek ɗan Rum a zamanin sarki Augustus, ya ba da labarin wata tsohuwar doka ta birnin Afisa da ta fi kusa da abin da ake yi yanzu. Wai duk wanda ya karɓi aikin hukuma sai ya faɗi nawa zai ci, sannan a riƙe dukiyarsa jingina har a gama, in kuɗin ya zo daidai a karrama shi, in ya haura da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba baitulmali ta cika, in kuwa ya zarce haka to daga aljihunsa. Shi kansa Vitruvius ya so a ce Rum na da irinta, har kan gidajen mutane.

Faransa ta sa batun a kundin dokokinta na 1804, sashe na 1792, inda akitek da ɗan kwangila ke ɗaukar alhakin gini tsawon shekara 10, a 1978 kuma wata doka da ake kira Spinetta ta sa inshorar gini ta zama dole. A Ingila an kafa ƙungiyar masu zanen gini da ta zama RIBA a 1834, a Amurka takwararta AIA a 1857, ita ce ma ta fito da fom ɗin kwantiragi na bai-ɗaya a 1888. Tsarin RIBA na raba aiki mataki-mataki ya fara fitowa a 1963.

Ma'aunin da ake auna shi da shi

Nan mutane suka fi ruɗewa. A ƙasashen da ke bin dokar Ingila akitek bai yi alkawarin gini mara aibi ba, abin da ke kansa shi ne ya yi aiki da ƙwarewa da kula irin wadda wani gwanin sana'ar zai yi in shi aka ba. Ma'aunin ya fito ne daga shari'ar Bolam ta 1957, wadda ma kan likita aka yi ta. Wato kuskure kaɗai bai isa ba sai an nuna sakaci. Wasu kwantiragin na sa shi ya lamunce cewa ginin zai yi abin da aka gina shi dominsa, lauyoyi sun saɓa kan yaushe hakan ke hawa kansa, kamfanonin inshora kuma galibi ba sa ɗaukar nauyin irin wannan lamuni.

Abubuwan da ke kansa

Ya fahimci buƙatar mai gini ya rubuta ta, ya duba fili da iyakarsa, ya bi dokokin gini na wurin, ya haɗa zanensa da na injiniyoyi kada bututu ya zo ya ci karo da bim. Kuɗi ma na ciki: a shari'ar Nye Saunders ta 1987 a Ingila wasu masu zane sun rasa kuɗin aikinsu don ba su gargaɗi mai gini cewa ƙiyasinsu bai haɗa da tashin farashi ba. Ba zai miƙa wa wani aikin zanen ba sai da yardar mai gini, kuma in ya gano matsala ana tsakiyar aiki dole ya faɗa ya gyara.

Sai zanen da masu ƙera kaya ke turowa a duba. Fom ɗin AIA ya ce dubawar don a ga ya dace da manufar zanen ne kawai, amma hatimin amincewa da ake buga wa zanen fa ba wasa ba ne. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, a irin wannan zanen aka sauya sandar ƙarfe ɗaya doguwa da ke riƙe da gadojin tafiya guda biyu zuwa gajeru biyu, nauyin da ke kan mahaɗar ta sama ya ninka, ranar 17 ga Yuli 1981 suka rufto mutum 114 suka mutu. Injiniyoyin aikin ne aka ƙwace wa lasisi.

In an samu kuskure

A Amurka tun hukuncin Spearin na 1918, ɗan kwangilar da ya bi zanen da aka ba shi ba ya ɗaukar asarar kuskuren zanen, mai gini ne ke biya, shi kuma ba zai karɓo daga akitek ba sai ya tabbatar da sakaci, don haka wani lokaci asarar kansa take ƙarewa. In zane da takardar ƙayyade aiki sun saɓa, AIA na ɗaukar su masu cike juna, kwangilar gwamnatin tarayyar Amurka kuma takardar take fifitawa. Awon da aka rubuta da lamba ya fi wanda aka auna da rula a kan takarda.

Mallakar zane

Yawanci haƙƙin zanen na akitek ne, mai gini izinin amfani da shi kawai yake samu a wannan aikin.