"Na gwada a jikina, ya yi mini": tambayoyi da amsoshi kan gwajin da mutum yake yi a kansa

Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda yake cewa "tun da na bar suga jikina ya yi sakayau" ko "zoɓo ne ya sauke mini jini" ba. Wata ta daina shayin dare, wani ya koma cin zogale kullum, wani yana kashe waya bayan isha'i don ya samu barci. Duk gwaji ne, kuma ina ganin abu ne mai kyau mutum ya san jikinsa. Sai dai akwai gwajin da yake faɗa maka gaskiya, akwai kuma wanda yake kai mutum gadon asibiti.

Gwaji a kan kai yana da tushe a likitanci, ko karambani ne kawai?

Yana da tushe. A shekarar 1984, wani likita ɗan Ostireliya mai suna Barry Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar cutar Helicobacter pylori da gangan. A lokacin yawancin likitoci suna ɗora laifin gyambon ciki a kan damuwa da yawan tsamin ciki. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa da na'ura aka ga kumburi da ƙwayar. A 2005 shi da abokin aikinsa Robin Warren suka samu kyautar Nobel. Abin lura a labarin shi ne, an duba cikinsa kafin ya sha, an tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan aka sake dubawa bayan ya sha. Da bai yi awon farko ba, da babu wanda zai saurare shi.

Na sha abu na ji sauƙi. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba, kuma nan ne yawancinmu muke ruɗuwa. Mutum ba ya neman magani sai ciwo ya kai maƙura. Ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, ƙuncin rai, duk suna hawa suna sauka da kansu. Idan ka fara shan jiƙo a ranar da ciwon ya fi tsanani, ko ba ka sha komai ba akwai yiwuwar gobe ta fi yau sauƙi, sai jiƙon ya kwashe yabon. Mura ma haka take, cikin mako guda zuwa kwana goma takan tafi.

Ga kuma sa rai. Wanda ya yi imani abu zai yi masa aiki yakan ji zafin ya ragu da gaske, ba ƙarya yake yi ba. Sannan mukan sauya abubuwa da yawa a tare. Uwargida ta fara zogale a makon da ta bar lemon kwalba, ta kuma fara tattaki da yamma. Ƙiba ta ragu, ta ce zogale ne. Wa zai iya rantsewa?

To yaya ake yin gwajin da zai ba da amsa?

Ka zaɓi abu ɗaya tak. Kafin ka sauya komai, ka samu ƙaramin littafi ka yi mako biyu kana rubuta yadda kake. Idan hawan jini kake bibiya, ka zauna ka jingina bayanka na minti biyar, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro, ba shayi, ba sigari rabin awa kafin awon. Ka auna da safe, ka auna da yamma, ka rubuta lambobin biyu da na'urar ta nuna, na sama da na ƙasa, da kwanan wata. Daga nan sai ka sauya abin nan guda, ka ci gaba da rubutu na mako uku ko huɗu. In abin ba mai haɗari ba ne, ka koma yadda kake a da, ka ga ko lambobin za su koma.

Ɗauki mai fama da rashin barci da yake zargin goro. Goro da shayi da kofi suna da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yakan kai kusan awa biyar bai bar jiki ba. Goron la'asar yana nan a jini lokacin kwanciya. Sai ya tsayar da goro daga azahar, ya riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da sau nawa ya farka. Kada ciwon kai na kwanakin farko ya tsorata shi, jiki ne yake neman abin da ya saba, kuma yakan wuce cikin kamar mako guda.

Da me ya fi dacewa a fara?

Da gishiri, a ganina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma dunƙulen magi da muke jefawa uku-uku a miya yana cikin lissafin. Suga kuwa kada ya wuce kamar giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabin kason yini. Sai tafiya da ɗan sauri, minti 150 a mako.

Zoɓo yana sauke hawan jini da gaske?

Bincike ya nuna yana ɗan ragewa, amma ba ya maye gurbin magani. Zoɓon da aka cika wa suga kuma ya ɓata lissafin. Mai shan maganin hawan jini ya faɗa wa likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum.

Tsawaita zama ba ci don rage ƙiba fa?

Mai lafiya yana iya gwadawa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide kada ya fara sai da likita, domin sugan jini na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo. Rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri alamu ne na a sha abu mai zaƙi nan take.

Ana iya gwaji a kan damuwa?

Ana iya. Kowane dare ka ba ranarka maki daga 1 zuwa 10, ka rubuta awannin barcinka, sannan ka gwada abu ɗaya: tattakin safe, ajiye waya da wuri, ko zama da 'yan'uwa maimakon kulle kai a ɗaki. Amma idan baƙin ciki ya haura mako biyu, abinci ba ya shiga, abin da kake so a da ya fita daga ranka, ko tunanin hallaka kai ya fara zuwa, a rufe littafin a tafi asibiti, kuma a faɗa wa wani na kusa a ranar. Wannan ciwo ne, ba raunin imani ba ne. Maganinsa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma yanke shi farat ɗaya yana jawo jiri da rashin barci, ciwon ma yana iya dawowa.

Mene ne ba a gwaji da shi ko kaɗan?

Ajiye maganin da likita ya ɗora ka a kai: na hawan jini, na suga, na farfaɗiya, na ƙanjamau, da na tarin fuka wanda sai an cika wata shida. Hawan jini ne ya fi ba ni tsoro, domin mutum yakan ji garau jininsa yana sama da 140 bisa 90, ba zai sani ba sai ɓarin jiki ya shanye. Masu juna biyu, masu jego, yara da masu ciwon ƙoda su ma ba a gwaji a jikinsu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, abubuwan da iyaye suke ba mai jego da zuciya ɗaya don ta yi ƙarfi.