Waiwaye: Tun yaushe badalar Kano ta fara cinyewa?

Duk lokacin da hoton wani sabon gini a kan badala ya bazu a Facebook, sai muhawara ta kaure kamar jiya aka fara ɓarnar. Alhali ciwon ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. Sarki Gijimasu ya aza harsashin ganuwar kimanin shekara 900 da suka wuce, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya biyo bayan 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Ganuwa ginin ƙasa ce, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Abin da ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru shi ne gyara: ruwa na ɗaukewa a fito aiki, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ya zaizaye, a yi yaɓe. Tsoron hari ne ke fito da mutane, domin kowa ya san ransa da dukiyarsa na bayan wannan bango. Da yaƙi ya ƙare, dalilin fitowar ya tafi, gyaran ya bi shi. Daga nan tudun da ake kai wa ƙasa ya koma wurin ɗibarta. Mai neman tubali ya yanki gefe da dare, maƙwabcinsa ya gani ya yi shiru don shi ma yana da katangar da ta faɗi.

Haka gwalalon da ke bayanta, wanda da ƙasarsa aka ɗaga tudun. Ni a wurina rashinsa ya fi ciwo, domin shi da kududdufan gefensa ne ke shanye ruwan sama. Suka zama juji, jujin ya cika ya daskare, aka yanka filoti a kai.

Lokacin da aka ayyana ganuwar a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1959, an riga an yi shekara 56 a cikin wannan hali. A 2007 ta shiga jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. An sake gina ƙofofi irin su Ƙofar Na'isa da Ƙofar Nasarawa, amma tsakanin ƙofa da ƙofa, a wurare da dama shaguna da gidaje ne a inda tudun yake.