Kada ka leƙa: matan da ba mutane ba a tatsuniyoyin Japan

Duk wanda ya ɗan bi tatsuniyoyin Japanawa zai lura akwai labari ɗaya da ke ta dawowa, riga kawai yake canzawa: mutum ya auri kyakkyawar mace ashe ba bil'adama ba ce, ta gindaya masa sharaɗi guda tak, gogan naka ya kasa haƙuri.

Tun a Kojiki abin yake, littafinsu mafi tsufa, na shekarar 712. Toyotama-hime 'yar sarkin teku ta ce wa mijinta Hoori kada ya leƙa ɗakin da za ta haihu, shi kuwa ya leƙa, ya tarar ta rikiɗe ta koma abin da suke kira "wani" (wallahi haka sunan yake a yarensu), wato kada ko wani ƙaton kifi. Kunya ta sa ta bar masa jaririn ta koma ruwa.

A farkon ƙarni na 9 wani malamin addinin Buddha mai suna Kyokai ya rubuta na yanyawa, wanda ni ya fi burge ni. Mutumin lardin Mino ne, matarsa ta haifa masa ɗa, amma kwikwiyon gidan kullum sai ya yi ta mata haushi, ran nan ya kai mata cizo sai ta firgita ta koma yanyawa a gaban mijin. Maimakon ya gudu sai ya ce ai akwai ɗa tsakaninmu, ki riƙa zuwa kina kwana. Kuma ta riƙa zuwan.

Sauran mazan ba su yi wannan sa'ar ba. Akwai tsuru, tsuntsuwa dangin gauraka, da ke kulle ƙofa tana fige gashin jikinta tana saƙa wa mijin yadi mai tsada, kullum sai ramewa take, har ya leƙa ta tashi sama. A 1949 Kinoshita Junji ya mai da shi wasan daɓe, ya ɗora laifin kan kwaɗayin kuɗi.

Ita kuwa Yuki-onna, aljanar dusar ƙanƙara da Lafcadio Hearn ya rubuta a 1904, nata sharaɗin riƙe baki ne. Sai da suka haifi 'ya'ya 10 sannan mijinta Minokichi ya yi suɓul da baka wani dare tana ɗinki. Ta ce albarkacin yaran nan da ke barci ya sha, ta zama farin hazo ta fice ta kafar hayaƙi.