Waiwaye: rigimar fatar jaki ba yau ta fara ba

Tun da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakuna don fatarsu a taron Addis Ababa na Fabrairun 2024 ake ta gardama, wasu na cewa masu kare haƙƙin dabbobi ne suka matsa lamba, wasu kuma na cewa an toshe wa masu sana'ar hanyar abinci. Ni dai gani nake an manta yadda aka zo nan.

Farkon labarin kusan kowa ya sani. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a yi wani maganin gargajiya mai suna ejiao, jakunansu da suka kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 suka ragu sosai, sai kasuwar ta juyo Afirka. A 2016 Nijar da Burkina Faso suka hana fitar da jakuna, a Nijar ma an fitar da kimanin 80,000 tun shekarar ba ta ƙare ba, alhali a 2015 gaba ɗaya 27,000 ne. Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa, a bakin iyakar Nijar, a lokacin ya ga yadda ake lodinsu a manyan motoci.

Amma abin da ba a cika ambata ba shi ne binciken da aka yi a Kenya. Can aka buɗe mayankar jakuna da lasisi daga 2016, ana ganin ai dabba dukiyar mai ita ce, in ya ga dama ya sayar, shi ke nan, kuma gaskiya haka dokokinmu da yawa ke kallon jaki, kamar buhun gero. To sai hukumar binciken noma da kiwo ta ƙasar ta zauna ta yi lissafi, a 2019 ta fito da cewa an yanka sama da jaki 300,000 cikin ƙasa da shekara uku, wajen kashi 15 cikin ɗari na duk jakunan ƙasar. Kuma jaka kusan wata goma sha biyu take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, ba kaza ba ce balle a cika gona da su cikin wata biyu. Daga nan masu bincike suka fara tambayar wa ke ɗaukar jarkar ruwa da itace idan an sace jakin gida da dare? Mata da yara ne mana. Malamai sun daɗe suna karanta mana hadisin da ya hana yi wa jaki lalas a fuska, amma sai da aka kawo alƙaluma sannan masu doka suka kasa kunne.

Kenya ta hana yankan a 2020, kotu ta soke hanin daga baya. A Disambar 2022 masana da jami'an kiwo suka haɗu a Dar es Salaam suka nemi a dakatar da yankan na shekara 15, kuma wannan shawarar ce ta bi hanya har ta isa teburin shugabanni a Addis Ababa.